Mintuna Biyu Kafin Labari: Yadda Jerin Sunaye Ya Koyi Tsorata Masu Kallo

A shekarun 1930 da 1940, lokacin da manyan kamfanonin Holiwud ke riƙe da harkar fim tun daga wurin ɗauka har zuwa gidan kallo, jerin sunayen da ke buɗe fim cika sharaɗin kwantiragi ne kawai. Akan rubuta sunan kamfani da na 'yan wasa da na darakta a kan kati, a ɗauki hotonsa, a ɗora masa kiɗa, gidajen silima da dama kuwa ba sa janye labule sai sunayen sun kusa ƙarewa. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya raba kamfanonin da gidajen silimarsu, talabijin kuma ta shiga gidaje ta fara ɗauke masu kallo, sai ƙarfin kamfani ya ragu, furodusoshi masu zaman kansu suka sami sarari, kowannensu na neman abin da zai fitar da fim ɗinsa daban.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Otto Preminger, wanda ya taso a Vienna. A 1954 ya ɗauki wani mai zanen talla, Saul Bass, haifaffen New York a 1920, don ya zana masa fastar Carmen Jones, da zanen ya burge shi sai ya ce ya tsara masa buɗewar fim ɗin ma. Shekara guda bayan nan suka sake haɗuwa a The Man with the Golden Arm, inda Frank Sinatra ya fito a matsayin mutumin da ƙwayar heroin ta kama, batun da dokar tace fina-finai ta wancan zamani ta haramta taɓawa. Bass ya ƙi nuna fuskar jarumin. Fararen sanduna ya sa suna kutsowa cikin baƙin allo, suna bin kiɗan jaz na Elmer Bernstein, har a ƙarshe suka dunƙule suka zama karkataccen hannu. Ana ba da labarin cewa an manna takarda a jikin gwangwanayen fim ɗin, ana umartar masu majigi su janye labule kafin sunaye su fara.

Wanda ya fi kowa gane amfanin wannan sabuwar dabara shi ne Alfred Hitchcock, domin sana'arsa ita ce ya sa mai kallo ya san wani abu na tafe bai san yaushe ba. A Vertigo na 1958 kamara kan fara ne daga leɓɓan wata mata, ta hau zuwa idanunta da ke waige dama da hagu, ta matso kan ido guda. Sai allon ya rine ja, sunan fim ya fito daga cikin ƙwayar idon, zane-zane masu murɗewa su biyo baya, kowanne na juyawa yana jan kallo zuwa ciki. John Whitney ne ya samar da zanen, da wata na'urar saita bindigar harbo jirgi da ta rage daga Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ya sauya mata aiki. Kiɗan Bernard Herrmann kuma hawa yake yana sauka bai taɓa tsayawa a inda kunne ke jira ba. Labarin na wani ɗan sanda ne a San Francisco da tsoron tudu ya raba shi da aiki, son wata mata kuma ya raba shi da hankalinsa, amma tun bai bayyana ba jirin da ke damunsa ya riga ya kama mai kallo.

A North by Northwest na 1959, wanda Bass ya tsara buɗewarsa, layuka ne suka giciye a kan koren allo har suka rikiɗa suka zama gilashin wani dogon gini a Manhattan. Psycho na 1960 shi ne, a ganina, inda buɗewar ta ɗauki nauyi mafi girma. Sanduna masu launin toka na shigowa daga gefe suna yayyanka sunaye, su haɗa su, su sake wargaza su, Herrmann kuma ya ajiye ganguna da kayan busa ya yi kiɗan da kayan tsirkiya zalla. Dalilin wannan tsanani na cikin ginin fim ɗin: kashinsa na farko labarin wata ma'aikaciya ce da ta gudu da dala 40,000, kuma ana daɗewa kafin jini ya zuba. Fargabar da aka shuka a mintuna biyun farko ita ce ke riƙe mai kallo har zuwa kisan da aka yi mata a banɗaki, tsagewar sunayen kuma ta riga ta yi nuni da rabuwar hankalin makashin, Norman Bates.

Daga ƙarshen shekarun 1960 yayin ya ja baya. Sababbin daraktoci sun fi son shiga labari kai tsaye, aka riƙa tura yawancin sunaye zuwa ƙarshe, Bass kuma ya karkata ga zana tambarin kamfanoni irin su AT&T da United Airlines. Sai dai al'adar ba ta mutu ba, don a Alien na 1979 Richard Greenberg ya sa haruffan sunan fim suna haɗuwa sannu a hankali, sanda bayan sanda, a kan duhun sararin samaniya. Martin Scorsese, wanda ya girma yana kallon ayyukan Bass, ya fara aiki da shi da kuma Elaine, matar Bass kuma abokiyar aikinsa, daga Goodfellas na 1990. A Cape Fear na 1991 suka nuna idanu da fuskoki na narkewa cikin ruwa mai motsi, kiɗan kuwa na Herrmann ne daga fim ɗin asali na 1962, Bernstein ya sake tsara shi.

Juyi na gaba ya zo a watan Satumbar 1995, da fim ɗin Se7en na David Fincher. Matsalarsa ita ce makashin ba ya nuna fuskarsa sai an yi nisa ƙwarai, don haka Kyle Cooper, wanda ya yi karatu a Yale a hannun Paul Rand kuma yake aiki a kamfanin Greenberg, ya miƙa wa makashin buɗewar gaba ɗaya. Hannaye kawai ake gani, kusa da kusa: suna fere fatar yatsu da reza don ɓatar da shaida, suna cika littattafai da ƙananan rubutu, suna goge kalmomi da baƙin alƙalami, suna ɗinke shafuka da allura da zare. Sunayen da hannu aka karce su, suna rawa suna tsalle a kan allo, ƙarƙashin waƙar Nine Inch Nails da aka sake sarrafawa. An kuma cire sunan Kevin Spacey daga jerin don kada a gane wanda zai fito a matsayin makashin, wato har abin da aka ƙi rubutawa ya shiga cikin dabarar.

Wata biyu bayan haka Casino ya fito, wanda shi ne buɗewar fim ta ƙarshe da Bass da Elaine suka yi wa Scorsese, kuma a ranar 25 ga Afrilun 1996 Bass ya rasu a Los Angeles. A shekarar ce Cooper da abokansa suka kafa kamfanin Imaginary Forces, karce da rawar haruffa kuma suka cika fina-finan kisa da tallace-tallace har suka gundure. Fincher da kansa bai maimaita salon ba: a Panic Room na 2002 manyan haruffa ya sa aka rataye a sarari tsakanin gine-ginen Manhattan, a kan tafarkin da Bass ya shata wa Hitchcock a 1959.