Baƙuwar Kaza da Cutar Numfashi a Kasuwannin Kano

Duk wanda ya taɓa kiwon kaji a Kano ya san wannan al'amari. Mutum ya sayo kaza a kasuwa, jajayen kunnuwa, tana tsattsagar tsaba, ya sake ta cikin kajin gida. Bayan kwana biyar ko shida sai a ji ta fara atishawa da minshari, ta buɗe baki tana neman iska, kafin mako ya zagayo akurki ya zama wayam. Akan ce ai mai kaji ne ya yi ha'inci, wani lokaci kuwa haka ne. Amma idan aka bi tarihin abin za a ga cewa tushensa ya wuce halin ɗan kasuwa guda, ya shafi yadda birnin ya bunƙasa da kuma irin dabbar da hukuma ta ga ya cancanta ta kula da ita.

Titin Ibrahim Taiwo, wanda aka raɗa wa sunan gwamnan soja na Jihar Kwara da aka kashe ranar 13 ga Fabrairu 1976, ya ratsa Fagge, ya bi ta Kantin Kwari, ba nisa da Kasuwar Sabon Gari. Fagge tun asali zango ne na fatake masu saukowa daga Arewa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, sai yankin ya cika da mutane masu albashi waɗanda ba su noma, ba su kiwo, sai dai su saya. Kazar ƙauye, wadda a da iyakarta kasuwar mako, ta sami hanyar zuwa birni. Jirgi da mota kuma suka taƙaita tafiya, har ya zamana kazar da ta kamu da cuta a ƙauyensu tana isowa Kano tun alamu ba su bayyana ba.

Babbar cutar da ke yin wannan ɓarna ita ce wadda ake kira Niyukasil. An fara gane ta a 1926 a tsibirin Jawa na Indunusiya da kuma garin Niyukasil na Ingila, inda ta samo sunanta. A Nijeriya an fara tabbatar da ita a Ibadan a 1952, daga nan ta zauna daram a ƙasar. Ƙwayarta tana yin kwana 2 zuwa 15 a jikin kaza kafin ta nuna kanta, galibi biyar ko shida. Sa'an nan sai wahalar numfashi, da koren kashi, da murɗewar wuya, kuma a garken da ba a yi wa allura ba tana iya share kusan duka. Ta fi tsananta da hunturu, watau daidai lokacin da cinikin kaji ke tashi saboda bukukuwan ƙarshen shekara.

Akwai kuma waɗanda ba su kai ta kisa ba. Wata irin mura ce mai daɗewa, wadda kaza kan gada tun daga ƙwai, ta ɓoye a jiki sai wahalar tafiya, da ƙishirwa, da cunkoso cikin keji su tayar da ita. Wata kuma takan kumbura fuska, hanci ya yi ta zuba, kuma kazar da ta warke takan ci gaba da harbin sauran. Saboda haka sau da yawa mai sayarwa shi ma bai san abin da ke cikin kejinsa ba.

Daɗin daɗawa, akwai wata dabara ta talaka wadda ke ƙara wa wutar makamashi. Idan kaji suka fara mutuwa a ƙauye, kowa kan yi maza ya kai nasa kasuwa kafin ya yi asara gaba ɗaya. Farashi sai ya faɗi, dillalai su kwasa, a haɗa kaji da zabi da agwagi da tantabaru daga garuruwa dabam-dabam cikin mota guda. Mai saye a birni ya ga banza ta faɗi, ya manta cewa araha ba ta ado.

Me ya sa aka daɗe ba a kai wa kazar gida ɗauki ba? Aikin likitan dabbobi a Arewa saniya ya fara bi. An buɗe shi a Zariya a 1913, aka koma Vom a 1924 domin yaƙi da bushiya, saboda shanu su ke biyan jangali, fata da kirgi kuma suna fita ƙasashen waje. Kaza kuwa dukiyar mata ce da yara: ita ake sayarwa a sayi magani ko littafi, ita ake tarawa har ta zama akuya, amma ba ta shiga littafin haraji. Ko da aka kawo shirin Ciyar da Ƙasa a 1976, aka ƙarfafa wa ma'aikata guiwa su yi kiwo a bayan gida, kajin gidan gona ne suka fi cin moriya. Allurar Niyukasil ta farko tana buƙatar sanyi tun daga Vom har bakin akurki, kwalba guda kuma ta ɗaruruwan kaji ce. Mai kaji bakwai ba ta da firiji, ba ta kuma da ɗaruruwa. Sai daga baya masu bincike a Jami'ar Kwinsland ta Ostireliya suka samar da irin da ake kira I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido, cibiyar Vom kuma ta shiga yin sa.

Abin da ya farkar da hukuma shi ne murar tsuntsaye. Ranar 8 ga Fabrairu 2006 aka tabbatar da nau'in H5N1 a wata gona a Jaji, Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Cikin 'yan kwanaki aka gan ta a gonakin Kano, kafin watan ya ƙare ta ɓulla a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. A Janairu 2007 ta kashe wata mata a Legas, aka gane ba kaji kaɗai ke cikin haɗari ba. Gwamnati ta sa diyyar Naira 250 kan kowace kazar da aka hallaka, masu kiwo suka ce bai kai kuɗin kasuwa ba, wasu suka gwammace su sayar a ɓoye. Cutar ta lafa bayan 2008, ta dawo a Janairu 2015, Kasuwar Sabon Gari kuwa tana cikin wuraren da aka fara samun ta. A wannan karo aka ɗaga diyyar zuwa Naira 1,450. Ta sake dawowa a 2021.

Darasin da ke cikin wannan tarihi ya rabu gida biyu. Ga mai kiwo, baƙuwar kaza sai a ware ta nesa da na gida na mako uku, da kwanon ruwanta dabam, a riƙa duba ta bayan an gama da sauran. A yi wa na gida allura kafin shigowar hunturu, a kuma maimaita bayan wata uku ko huɗu. Ƙwayoyin da ake barbaɗawa a ruwa ba su kashe Niyukasil ko murar tsuntsaye, iyakarsu rage wasu cututtukan da ke biyo baya. Idan kaji suka mutu da yawa farat ɗaya, kada a fige, kada a ci, a binne su da zurfi, a sanar da ofishin likitan dabbobi, domin ido ba ya iya rarrabe cututtukan biyu sai an kai ɗakin gwaji.

Ga ma'aikacin hukuma kuwa, abin da 2006 ta nuna shi ne cewa talaka ba zai kai rahoto ba muddin rahoton zai jawo masa asarar da ta fi ta yin shiru. Diyya mai daraja wadda ake biya cikin lokaci, da ranar wanke rumfunan 'yan kaji, da mai ɗigon allura da zai shiga gidajen Fagge ya sami matan da kajin ke hannunsu, su ne matakan da suka rage a tsayar da su su zama aikin kullum, kada a jira sai annoba ta sake tasowa.