Karo Ilimi: Ƙofar da Ke Fitar da Malami daga Aji

"Ya tafi karo ilimi" magana ce mai daɗin ji a bakin ma'aikatan Arewa, amma idan a kan malamin makaranta aka faɗe ta, sau da yawa ban kwana ce. Yaran da ya bari ba kasafai suke sake ganinsa da farin alli a hannun riga ba. In ya dawo, ofis ake nema masa. Masu ɗora laifin a kan malaman zamani, wai ba su da kishin sana'ar, ba su waiwayi tarihi ba. Abin ya kai shekara tamanin ana yin sa, tun ranar da aka ɗauki tsanin ƙarin girma aka jingina shi da katangar ofis maimakon bangon aji.

Kafin zuwan boko ba haka lamarin yake ba. A zaure, koyarwa da neman ƙari tafiyarsu ɗaya. Malamin da ya biya wa almajirai Ahalari da Ishmawi da hantsi, shi ne bayan la'asar zai saɓa gafakarsa ya je ya durƙusa gaban wanda ya fi shi, ya ɗauki darasin Muhtasar ko na nahawu. Idan fannin da yake so babu gwaninsa a garin, sai ya yi tattaki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, ƙanensa Abdullahi kuwa littafi guda ya rubuta don lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu. Abin lura shi ne ladan wannan wahala: wanda ya sauke babban littafi ya karɓi ijaza, zaurensa ne ke ƙara cika. Wasu kam sukan zama alƙalai ko limamai, amma ko su ba su naɗe buzun karatu ba. Zurfin ilimi yana ƙara ɗaure mutum ne ga ɗalibai.

Boko ma da malamai masu aiki ya fara. Lokacin da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, cikin waɗanda ya fara tarawa har da malaman zaure, don a koya musu rubutun boko da lissafi su koma su koyar. Kwalejin Katsina da ta fara aiki a 1921 ita ma don horar da malamai aka gina ta. Ahmadu Bello ya fito daga cikinta a 1931 ya koyar a Midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1933 ya koyar a Midil ta Bauci. Sai dai wanda ya gama Katsina ya kai ƙarshen hanya, domin babu wata makaranta a samanta a duk faɗin Arewa. Ƙofar gaba ba ta buɗe sosai ba sai a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, da aka fara tura zaɓaɓɓun malamai Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Ɓalewa ya yi shekara guda a can daga 1945 zuwa 1946, Malam Aminu Kano ya bi bayansa. Me ya biyo baya? Ɓalewa ya dawo aka ba shi aikin jami'in ilimi, nan da nan kuma ya shiga Majalisar Arewa. Aminu Kano ya kafa Ƙungiyar Malaman Arewa, ya koyar a kwalejin horon malamai ta Maru, ya ajiye aiki a 1950 ya rungumi siyasar jam'iyyar NEPU. Ta ɓangaren Arabiyya ma haka: Abubakar Mahmud Gumi na cikin malaman da aka tura Bakhtur Ruda ta Sudan a tsakiyar shekarun 1950, kuma a 1962 ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa. Shi dai bai daina karantarwa ba, amma a Masallacin Sultan Bello na Kaduna ya ci gaba da ita, wato tarbiyyar zaure ce ta riƙe shi, ba tsarin gwamnati ba.

Za a ce, to da me aka so a yi? Ƙasa na shirin karɓar mulkin kai, masu ilimin zamani a Arewa ba su da yawa, kuma mafi yawansu malaman makaranta ne. In ba a ɗebo daga aji ba, daga ina za a samo ministoci da manyan sakatarori? Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma babu mai hankalin da zai ce da an bar Ɓalewa, Firayim Minista na farko, yana duba littattafan 'yan Midil. Amma larura tana da wa'adi. Abin da aka yi don ƙarancin mutane a 1950 ya zama al'ada, al'adar ta shiga takardun aikin gwamnati, har ta wuce lokacin da ke buƙatarta da shekaru masu yawa. Yaro ya tashi yana ganin cewa malamin da ya yi fice shi ne wanda ya bar koyarwa, wanda ya tsufa a aji kuwa ana kallonsa kamar wanda mota ta tashi ta bari a tasha.

Bayan 'yancin kai an faɗaɗa hanyar ƙwarai. Rahoton kwamitin Ashby na 1960 ya share fagen manyan kwalejojin horon malamai da takardar NCE, ta Zariya ta buɗe a 1962, shekarar da Jami'ar Ahmadu Bello ta fara aiki, jami'ar kuma ta kafa Cibiyar Ilimi tata a 1965. Daga nan aka shiga neman dabarar da malami zai yi karatu ba tare da ya bar bakin aikinsa ba: darasi ta gidan waya, da kwas a lokacin dogon hutu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ne ya mayar da dabarar dole. An shirya wa yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai wajen miliyan 3 suka bayyana, aka kwaso duk wanda ya iya karatu da rubutu aka ba shi alli. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wadda kowa ya fi sani da NTI, don ta horar da waɗannan mutane suna kan aiki, da farko su sami takardar daraja ta biyu, daga baya NCE, har zuwa difloma ta bayan digiri. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce wata rana NCE ce za ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa, Hukumar Rajistar Malamai da aka kafa a 1993 ta zo ta ƙara matsa lamba, jami'ar karatu daga gida ta NOUN kuma ta dawo aiki a farkon shekarun 2000 da digiri na biyu a fannonin ilimi.

Wanda ya taɓa leƙa harabar jami'a a watan Agusta ya san kamannin karatun dogon hutu. Ɗalibai na ainihi sun tafi hutu, dattawa masu furfura sun cika ɗakunansu da katifu da risho. Hedimasta yana layin ɗiban ruwa da bokiti bayan wanda ya taɓa zama ɗalibinsa. A ƙofar ɗakin lacca, ƙarƙashin rumfa, yarinya na jijjiga jariri tana jiran uwarsa ta fito ta ba shi mama tsakanin darasi da darasi. Karatun da ya kamata a shimfiɗa a wata huɗu ana dunƙule shi cikin 'yan makonni, daga safe har magariba. Masu raina shi suna cewa na shan ruwan tsuntsaye ne, kuma da gaskiyarsu ta wani gefen: littafi ba ya narkewa a ciki da irin wannan gaggawa. Sai dai suna mantawa da cewa wannan ɗalibi yana da abin da ɗan shekara ashirin ba shi da shi. Ya san yadda ake fama da yara tamanin a aji ɗaya, ya san inda suke tuntuɓe a rabawa da kashi-kashi. A hannunsa ka'idar koyarwa tana da ƙasar da za ta tsira a kai. Matsalar karatun dogon hutu ba gajartarsa ba ce, inda yake kai mai shi ne.

Tun gyaran da kwamitin Udoji ya yi a 1974, albashin ma'aikaci mataki-mataki ne, takarda ce kuma ke nuna inda mutum zai shiga: mai NCE a mataki na 7, mai digiri a na 8. Da ya hau sama, muƙaman da ke jiransa na mulki ne, hedimasta, sufeto, sakataren ilimi, darakta. Babu kujerar gwanin koyar da karatu a aji biyu wadda darajarta ta kai ta darakta. Don haka malamin da zai biya kuɗin digiri na biyu daga albashinsa, in ya zaɓi fannin gudanar da makarantu ya bar na koyar da lissafi ko na yara masu buƙata ta musamman, lissafinsa daidai ne. Mai digiri na uku kuma firamare ba ta da wurin ajiye shi, sai kwaleji ko jami'a.

Akwai masu cewa duk wannan kewaye ne, a gyara albashi kawai. Albashi na da muhimmanci, amma ko an ninka shi, muddin na ofis ya fi na aji, ruwa gangare zai bi. Jarrabawar da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare a 2017, inda ta ce 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun kasa, ta jawo gardama, ƙungiyar malamai ta NUT ta ƙi amincewa da yadda aka gudanar da ita. Ko wane ɓangare mutum ya bi, an yi ta ne a jihar da hedikwatar NTI take, shekara 41 bayan kafa ta, a lokacin da takardun shaida suka fi yawa a hannun malamai. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, na aiki zuwa 40. Ta ƙara wa gogaggen malami shekara biyar, amma a tsarin da ake kai, wanda ya kai wannan matsayi da digiri biyu a aljihu yawanci ya daɗe da komawa bayan tebur yana sa hannu a takardun hutu.