Matan Shetland da Saƙar da Ake Biya da Ganyen Shayi

A yau idan aka ga mace ta zauna da tsinkayen saƙa da ƙwallon zaren ulu tana haɗa wa ɗanta suwaita kafin hunturu, sai a ce sha'awa ce, ko hanyar rage zaman banza. A tsibiran Shetland, can arewacin Sikotland, wannan aiki na cikin gida ya riƙe iyalai sama da shekara ɗari, kuma a mafi yawan wannan lokaci masu yin sa ba su ga kuɗin guminsu da idonsu ba.

Shetland wuri ne na iska da sanyi, kusan ba shi da itatuwa, ƙasarsa kuma ba ta ba manomi abin kirki. A da arzikinsa biyu ne: kifi da tumaki. Tumakin ƙanana ne, amma gashinsu yana da laushi ƙwarai, har a da hannu ake sa wa a tsige shi lokacin da ya fara zuba da kansa, ba a kawo almakashi. Maza suna teku, wasu wajen su, wasu wajen farautar manyan kifaye ko aikin jiragen ruwa, kuma da yawa ba sa dawowa. Saboda haka a ƙarni na 19 mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba, gida da gona duk suna wuyansu. Mace za ta ɗaura wata 'yar matashiyar fata a ƙugu, ta soke tsinke ɗaya a ciki don hannunta ya sami sauƙi, ta goya kwandon makamashi a baya, tana tafiya tana saƙa. Safa, safar hannu, rigunan ciki, da wani irin mayafi na tsibirin Unst wanda saboda sirantar zarensa ana iya zare shi ta cikin zoben aure.

Matsalar tana wajen sayarwa. 'Yan kasuwar Lerwick, babban garin tsibiran, su ne babbar ƙofar fita zuwa kasuwannin kudu, kuma ba sa biya da kuɗi. Ciniki ne na ba ni gishiri in ba ka manda, sai dai mai kanti ne ke yanke darajar gishirin, shi ne kuma ke yanke ta mandar. Mace ta kawo mayafin da ta yi makonni a kansa, a ba ta ganyen shayi ko yadi ko tarkacen ado daga abin da ke kan kanta. In ba ta buƙatar komai a ranar, a rubuta mata 'yar takarda ta shaidar bashi, wadda ba ta ci sai a wannan kantin.

A farkon 1872 gwamnatin Birtaniya ta aika da wani lauya, William Guthrie, ya binciki wannan tsari. Ya zauna ya saurari masunta da 'yan kasuwa da masu saƙa, aka rubuta tambaya da amsa dalla-dalla. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bayanan matan shi ne maganar zare. Masu kanti suna ɗaukar zaren ulun Shetland a matsayin kayan kuɗi, wato ba a ba da shi a musaya. Ke nan mace ta saƙa ulu ta kai, amma ba za ta iya karɓar ulu ta sake saƙawa ba sai ta nemo tsabar kuɗin da aka hana ta. Haka kuma yawancin kantunan na tufafi ne, ba sa sayar da garin abinci. Sai ta ɗauki shayin da aka ba ta ta bi maƙwabta tana sayarwa da faɗuwa, don ta sami abin sa wa a tukunya. Riba biyu mai kanti ke ci, ɗaya a kan saƙar, ɗaya a kan shayin. Duk wanda ya san yadda dillali ke shiga tsakanin mai ɗinkin hula a cikin gida da kasuwa zai gane inda ƙarfin yake: wadda ba ta iya kai kayanta gaba ba ta da bakin ciniki.

An gyara dokar hana biyan lada da kaya a 1887, amma a Shetland kusan ta tsaya a takarda. Ko shahara ma ba ta kawar da abin ba. A farkon shekarun 1920 Yarima Edward mai jiran gadon Birtaniya ya fito wasan golf sanye da suwaita mai zanen Fair Isle, irin wadda ake saƙawa da zare launi biyu a kowane layi, wanda ba a amfani da shi yana bi ta baya har rigar ta yi kauri biyu. Nan da nan samarin masu hali suka ɗauka, buƙata ta hau. Masu saƙa dai suka ci gaba da karɓar kaya.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya karya tsarin. An jibge dubban sojoji a tsibiran, ga sanyi, ga albashi a aljihu, suka riƙa sayen suwaita kai tsaye daga hannun matan. Wadda ta ɗanɗana kuɗi a tafin hannu ba ta sake yarda da shayi. A 1943 masu saƙar suka kafa ƙungiyarsu ta tsayar da farashi da duba ingancin kaya.

Daga baya man fetur ya zo. Tashar Sullom Voe ta fara aiki a 1978, mata da yawa suka ajiye tsinkaye suka kama aikin albashi, kuma ba na ganin laifinsu. A 2010 majalisar tsibiran ta daina biyan kuɗin koyar da saƙa a makarantun firamare don rage kashe kuɗi. A shekarar ne kuma aka fara bikin makon ulu na Shetland, inda baƙi daga Amurka da Turai ke biyan kuɗin jirgi da masauki su zo su koyi saƙar a hannun jikokin matan nan.