Sulhun Borno da Sakkwato, da abin da Gumel ta gani a bakin iyaka

A shekarar 1808 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Gwani Mukhtar suka ci Birnin Ngazargamu, fadar Borno. Da al'amari ya tsananta, sai Mai Dunama ya nemi taimakon wani malami, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda ya taya shi ƙwato birnin. Malamin nan bai tsaya ga takobi ba. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa shugabannin jihadi wasiƙa yana tambaya: da wace hujja ake yaƙar ƙasar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana salla da azumi? A ganinsa saɓo daban, kafirci daban. Muhammadu Bello ya amsa cewa sarakunan Borno ne suka goya wa sarakunan Haɓe baya a kan jama'ar Shehu Usmanu. Bello ya adana wannan musaya a littafinsa Infaƙul Maisuri, har da hujjojin abokin hamayyarsa. Wannan adalci ne da ya cancanci yabo.

Wasiƙu ba su kashe wutar nan da nan ba. A ƙarshen 1826 al-Kanemi ya taso da runduna ya nufi Kano, har sai da Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi a farkon 1827 ya mayar da shi. Daga nan kowa ya san ba zai iya haɗiye ɗan'uwansa ba. Aka daidaita a kan iyaka: Haɗeja da Katagum suka zauna a hannun Sakkwato, Gumel ta ci gaba da bin Borno. Bello da al-Kanemi duka sun rasu a 1837.

To, me sulhun ya tsinana wa mutanen Gumel? Alheri na farko shi ne buɗewar hanya. Bature matafiyi Heinrich Barth ya sauka Gumel a watan Maris na 1851, zamanin Sarki Ɗan Tanoma, ya tarar da gari cike da hada-hada, an jibge kanwa a kasuwa tana jiran fatake su yi kudu da ita har ƙasar Nufe. Da ya sake biyowa a ƙarshen 1854, rikicin sarauta ya riga ya ɗaiɗaita garin.

Abin da ke damuna ke nan duk lokacin da na karanta tarihin nan. Manya sun ajiye makamai, amma ba wanda ya kare na bakin iyaka. Gumel ta yi ta gwabzawa da Haɗeja har zuwa 1872, shekarar da Sarkin Gumel Abdullahi ya rasu, sannan ga hare-haren Damagaram daga arewa suna kwashe mutane. Ƙauyukan da ke yankunan Gagarawa da Sule Tankarkar a yau, a tsakiyar wannan fargaba kakanninsu suka yi noma.

Turawan Ingila sun karɓi Gumel a 1903. Tsakanin 1906 da 1908 jami'ansu da na Faransa suka bi daji suna kafa alamomin sabuwar iyaka, Tumbi, tsohuwar fadar Gumel, ta faɗa ɓangaren Nijar. Duk da haka, kowace Alhamis raƙuma da shanu da tumaki daga Damagaram suna tsallakowa su cika kasuwar Maigatari.