Jakar Maiƙo Mai Ɗauke da Maganin Sankara

Ba maganin sankara Alec Bangham yake nema ba. Likitan jini ne a cibiyar Babraham kusa da Kambirij a Ingila, kuma a farkon shekarun 1960 ya lura cewa wani irin maiƙo, in ya shiga ruwa, yakan dunƙule ya zama 'yan mitsi-mitsin jakunkuna. Su aka raɗa wa suna laifosom. A shekarun 1970 Gregory Gregoriadis a Landan ya fara cusa magani a cikinsu.

Jiki kuwa ya ce bai san zance ba. Da an yi allurar, sai ƙwayoyin garkuwa na hanta da saifa su lanƙwame jakunkunan tun ba su je ko'ina ba. Kusan shekara 20 ana wannan fama, kafin aka gano cewa lulluɓe su da sinadarin PEG yana ɓatar da sawunsu, su daɗe suna yawo cikin jini. A Kudus, Yechezkel Barenholz da Alberto Gabizon suka samo dabarar ɗura doxorubicin a jakar ya zauna daram. Maganin nan ja ne, yana da ƙarfi, amma yana cin zuciya. A 1995 hukumar FDA ta Amurka ta amince da wannan haɗi mai suna Doxil don sankarar Kaposi ga masu ƙanjamau.

Dogaron kowa a lokacin shi ne binciken Matsumura da Maeda na Japan a 1986: jijiyoyin jinin ƙari suna da ɓaraka, don haka jakar za ta zurara ciki ta maƙale. A jikin ɓera abin ya yi kyau ƙwarai. A jikin mutum, wani ƙarin ya buɗe, wani ya toshe.

Waɗanda suka daɗe a fagen sun san ribar Doxil ta gaskiya: ya sassauta wa zuciya, ko da yake tafin hannu da na ƙafa kan yi ja su saɓule. Batun “kai tsaye ga ƙari” kuwa, an cika baki. A 2016 ƙungiyar Warren Chan ta Toronto ta tattara gwaje-gwajen dabbobi na shekara 10 kan ire-iren waɗannan mitsi-mitsin 'yan dakon magani, ta ga kusan kashi 0.7 cikin 100 na allurar kaɗai ke isa ƙarin. A shekarar ce kuma aka dakatar da gwajin MM-302, laifosom da aka maƙala wa sinadarin farautar furotin HER2 na sankarar mama.

Vyxeos, wanda aka amince da shi a 2017 don wata sankarar jini, ya bi wata hanya dabam. Aikin jakarsa shi ne riƙe magungunan cytarabine da daunorubicin a ma'aunin 5 da 1 har su isa ɓargo.