Masu Bi na Cadi a Zamanin Tombalbaye

A shekarar 1973 shugaban ƙasar Cadi, François Tombalbaye, ya yi shelar komawa ga al'adun kakanni. Ya yar da sunansa na Kirista ya ɗauki Ngarta, birnin Fort-Lamy kuma ya zama Njamena. Sa'an nan ya tilasta wa mazajen kudu, har da manyan ma'aikatan gwamnati, su shiga yondo, wato tsafin balaga na kabilar Sara da ake yi cikin daji.

Masu bi da yawa suka ƙi, gama sun ga bautar ruhohi a ciki. Aka rufe majami'u, aka kori 'yan mishan na Baftis, aka yi wa pastoci da dattawa dūka, aka kashe waɗansu. Abin baƙin ciki, shugaban da kansa cikin ikkilisiya ya tashi. Fara tafiya daban, kai wa gida daban.

Ran 13 ga Afrilu 1975 sojoji suka hamɓarar da shi, ya mutu a ranar, tilascin yondo kuwa ya ƙare. Mu da muke karanta tarihi mun san tsananin bai cika shekara biyu ba. Su ba su sani ba. Wanda ya ƙi shiga daji a 1974 ya ƙi ne yana tsammanin haka za a zauna har mutuwarsa.

'Yan'uwa, irin jimrewar da Ubangiji yake nema ke nan, wadda ba ta jira a faɗa mata ranar da wahala za ta ƙare.