Ɗan amshin Shata ne, ko dai ba mu ji abin da yake faɗa a ciki ba?

Daren jiya a teburin mai shayi nan Tudun Wada aka yi wa wani ƙanena taron dangi. Ana zagin kamfanin da yake wa aiki kan jinkirin albashi, sai ya ce a yi musu adalci, kasuwa ce ta tsaya. Kafin ya rufe baki an ce masa ɗan amshin Shata, an ce nawa aka ba shi. Ni kuwa na san wata biyu ke nan shi ma bai ga ko sisi ba.

Sai na tuna Alhaji Abubakar Imam. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan Zariya, shi ne editanta, yana aiki ƙarƙashin Dokta Rupert East. Jaridar gwamnatin Turawa ce, ba wani ɓoye-ɓoye. Cikin dalilan kafa ta har da kashe jita-jitar cewa Ingila za ta miƙa ƙasar nan ga Jamus. To ka ga mai shakkar abin da ta rubuta ba mahaukaci ba ne, wanda ya biya kuɗin tawada ai yana da ta cewa.

A 1943 aka gayyaci editocin Afirka ta Yamma zuwa Ingila, Imam na ciki, Nnamdi Azikiwe na ciki. Azikiwe ya kawo takardar neman a tsayar da lokacin ba da mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu, don a ganinsa Arewa ba ta shirya ba. Shi ke nan, a wajen 'yan kishin ƙasa na Legas ya zama ɗan koren Bature.

Abin da masu zagin ba su gani ba: a wannan tafiyar ya gana da Lugga, wanda ya kafa mulkin En'e da hannunsa, daga baya kuma ya rubuta masa wasiƙa yana zayyana illolin tsarin, yadda talaka ba shi da wurin kai kuka, da yadda aka mayar da matasa masu ilimin boko saniyar ware. Ma'aikacin gwamnati fa, a zamanin da maganar da ba ta kai wannan ba kan raba mutum da aikinsa.

Ni dai har yau ina ganin ya yi kuskure da bai sa hannun nan ba. Amma ɗan kore? A'a.

Ƙanen nawa ma, da muka taso na tambaye shi, ya ce shi ya rubuta takardar koken da ma'aikata suka kai wa manaja makon jiya, sunansa ne a farko. Na ce me ya hana ka faɗa musu? Ya ce a cikin masu shan shayin akwai surukin manajan.